Mama Tana Ƙara Jini, Likita Yana Ragewa

Kumburin ƙafata ya sace, na koma aiki, saboda haka bari in rubuta wannan tun haushin kaina bai huce ba. Na rubuta shi ne don ire-irena da ke yi wa kansu allura a ɓoye a ƙasar nan. Wautar da na tafka ta ishe mu duka, kada wani ya sake maimaita ta.

Sunana Ishaya, ɗan Jos, ina zaune a Wheaton, ina gyaran kwamfuta a wani ofishi cikin Washington. Ba da wannan sunan aka yi mini baftisma ba. Da aka haife ni an ce mace ce, haka aka raine ni, ni kuwa tun ina zuwa makarantar Lahadi da ɗan siket na san ba haka nake ba. Ba zan tsaya gardama a kan wannan ba, na yi ta har na gaji. Abin da ya shafi labarin nan shi ne, shekara biyu da suka wuce na je wurin likita, ta yi mini tambayoyi da gwaje-gwaje, ta ɗora ni a kan allurar testosteron, sinadarin da ke sa murya ta yi kauri, gemu ya fito, jiki ya koma na namiji. Sau ɗaya a mako nake yi wa kaina a cinya. Ranar da na fara jin muryata ta sauka, a mota na zauna na yi kuka don daɗi.

Sharaɗi ɗaya likitar ta kafa mini, ta kuma maimaita shi har sau uku. Duk wata uku sai an ɗebi jinina an duba, domin allurar tana ƙara jini, in ya yi yawa kuma sai ya yi kauri. Na ce to. Na farko na je, na biyu na je. A na uku ina leƙa ɗakin ɗibar jinin, wa zan gani sanye da safar hannu? Anti Saratu.

Anti Saratu ita ke jan waƙa a zumuntar mata a cocin da yayata Rifkatu take zuwa a Lanham, kuma tare suka yi makarantar koyon jinya da mahaifiyata. Takardar da ke hannuna kuwa ga sunan maganin nan ɓaro-ɓaro. Na juya da sauri har na bar hulata a kan kujera. Mako na zagayowa na tafi wani wurin can Clinton, inda nake ganin ba wanda ya san ni. Ina zaune a layi sai na ji wata nas a bayan labule tana waya da Hausa, tana cewa a gaishe mata da su Baba. Na miƙe na kama gabana. A yankin nan duk asibitin da ka shiga, in ba 'yar Jos ce ke riƙe da allura ba, to 'yar Kafanchan ce, kuma ko dai ta san uwarka ko ta san wadda ta san ta.

Daga nan na daina zuwa gwaji. Ofishin likitar suka yi ta aiko saƙo ina sharewa, har suka ce ba za su sake rubuta mini magani ba sai sun ga jini. Na tattara ragowar da ke gindin kwalabe, da suka ƙare wani abokina da ya bar allurar ya koma na shafawa ya ba ni nasa. Ban tsaya nan ba. Gemun nawa ya fito tsilli-tsilli, ni kuma ina sauri, sai na riƙa ɗan zarce layin da likita ta nuna mini a jikin sirinji. Wata goma sha ɗaya na yi a haka, ina ganin na fi kowa wayo.

Sai Yaya Rifkatu ta haihu, Mama ta taso daga Jos don ta yi mata jego.

Mama ungozoma ce, shekara talatin tana karɓar haihuwa kafin ta yi ritaya. Ta san na aske kai, ta san ba na sa zane, mun yi wannan rigimar a waya shekarun baya har muka yi wata huɗu ba ma magana. Daga baya kowa ya rufe tukunyarsa. Ita ba ta tambaya, ni ba na faɗa. Auta take kirana, kuma har gobe da "ke" take yi mini magana, yadda ta faɗa haka zan rubuta. Maganar allura ce ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba, ita ce kuma nake tsoro, don na tabbata ranar da ta ji, na rasa uwa.

A filin jirgi na gaishe ta, ta tsaya tana kallona.

"Auta, me ya sami muryarki?"

"Mura ce, Mama. Sanyin ƙasar nan."

A watan Yuni fa, ana zufa. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta miƙo mini jaka.

Makon farko da zuwanta ciwon kai ya matsa mini. Dama ya ɗan jima yana zuwa yana tafiya, amma yanzu ya samu wurin zama a bayan idanuna. Ga jiri, ga gajiya. Ranar Asabar a gidan Yaya Rifkatu barci ya kwashe ni a kan kujera ana tsakar hira. Ina farkawa na ga Mama a tsaye a kaina, ta miƙo hannu za ta ja fatar idona ta duba, yadda take yi wa duk wanda ya ce mata ba ya jin daɗi. Na kauce da sauri. Sau biyu na yi aski a ranar, amma in tafin hannunta ya taɓa haɓata, zance ya ƙare. Da na bar ta ta duba, da ta ga idon ja wur, da duk wannan labarin bai faru ba. Tunda na hana ta, sai ta yi aikinta daga nesa.

"Jiri, ciwon kai, kasala. Al'ada tana zuwa miki da yawa ne?"

Rabona da al'ada ya fi shekara. Na ce, "E, Mama, da yawa."

"To jini ne ya yi ƙasa. Ku 'yan Amirka ba kwa cin abinci, sai burodi da ganye."

Kada a ga laifinta. Matar da ta yi shekara talatin a ɗakin haihuwa, duk wadda aka kawo mata jininta ne ya yi ƙasa, ba ta taɓa karo da wadda nata ya yi yawa ba. Kuma wane gida ne a garinmu ba haka ake yi ba? Ka ce kanka na juyawa, kafin ka rufe baki an haɗa maka malt da madara. Mama ta zo da kwalaben tonik na ƙarin jini da ƙwayoyinsa don mai jego, sai ta raba biyu, rabi na Yaya Rifkatu, rabi nawa. Ta aika mijin yayata shagon 'yan Afirka ya sayo hanta da ganyen ugu. Ta matse ugun ta zuba a gora, ta yi kwaɗon zogale, ta soya hanta, ta shirya mini komai a kula in tafi da shi Wheaton. Kowace safiya sai ta kira ni a bidiyo ta ga na sha cokali biyu da idonta. Ni kuma in karkatar da wayar sama, daga hanci zuwa goshi kawai take gani.

Na san allurar tana ƙara jini. An faɗa mini sau uku. Amma na sha, na kuma lashe cokalin. Rabon da Mama ta dafa abu ta ce mini "ci" ya kai shekara shida, kuma in na ce ba na so sai na faɗi dalili. Gaskiya daɗin kulawar nake ji, kuma tsoro nake ji, su biyun suka haɗu suka rufe mini baki.

Mako na biyu 'yan shawara suka fito. Mijin yayata ya ce wahalar Amirka ce, in ɗauki hutu. Wata maƙwabciyarsu ta ce in riƙa haɗiyar tafarnuwa. Wata ta ce kallon kwamfuta ne, wata ta ce a kai sunana wurin addu'ar Laraba. Kowa likita ne a gidan jego, ban da wanda ya ce a je asibiti.

Mako na uku in na yi wanka da ruwan zafi sai jikina ya kama ƙaiƙayi kamar an zuba mini ƙaiƙayin gero. Fuskata ta yi jawur, Mama ta gani a waya ta ce alhamdu lillahi, tonik ya fara aiki. Wata safiya a tashar jirgin ƙasa ta Wheaton, a kan doguwar matattakalar nan mai tafiya da kanta wadda in ka hau sai ka yi tunanin rayuwarka kafin ka kai ƙasa, idona ya rufe. Na ƙanƙame ƙarfen gefe, na zauna a kan matakalar da kayan aikina, mutane suna ratsa ni suna wucewa. Da na isa ƙasa na sha ruwa, na shiga jirgi na tafi aiki. Wannan wautar ko a kaina ban iya kare ta ba.

Mako na huɗu ƙwaurina na hagu ya fara ciwo, kamar na kwana ina gudu. Ranar Lahadi bayan an taso coci na je Lanham ina ɗingishi. Mama ta ce jijiya ce, ta ɗora ruwa a wuta, ta kawo tawul za ta gasa mini yadda take gasa wa mai jego. Na so in hana, ta daka mini tsawa, ta naɗe ƙafar wandon da kanta. Gashin da ya rufe ƙwaurin ba ta ce komai a kansa ba. Ta ɗora bayan hannunta a wurin, ta ɗora a ɗaya ƙafar, ta sake dawowa. Sai na ga ta ajiye tawul ɗin a gefe.

"Rifkatu, ba wa mijinki yaron, ɗauko mota."

"Mama, ba za ki gasa ba?"

"Wannan ba a taɓa shi. Na gan shi a ƙafar masu jego, jini ne ya daskare a ciki. In aka murza ya tashi ya tafi ƙirji, sai dai wata ba ita ba. Auta, kar ki taka da ƙarfi."

Ita ta yi mako huɗu tana ɗura mini abin da ba na buƙata, ita ce kuma ta cece ni a ranar. Har yanzu in na tuna ban san ko godiya zan fara yi ba ko mita.

Sashen gaggawa kuwa sunansa ne kawai gaggawa. Ƙarfe biyu muka shiga. Aka ba ni fom, aka karɓi katin inshora, aka sake ba ni wani fom ɗin mai tambayoyin da na riga na amsa. Wata nas ta tambaye ni magungunan da nake sha, Mama na gefena, na ce babu. Mama ta ce ƙarya ne, ta zaro kwalbar tonik daga jaka ta nuna da alfahari. Muka koma muka zauna awa huɗu, Mama tana ƙirga waɗanda suka zo bayanmu aka shigar da su, tana cewa ko a Jos in ka san mutum ba a yi maka haka. Sai wajen shida aka ɗauki hoton ƙafar, aka ɗebi jini, jinin da na yi wata goma sha ɗaya ina gudun a ɗiba.

Likitan da ya zo da sakamakon dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce akwai gudan jini a jijiyar ƙafar, kuma jinina ya yi kauri fiye da kima. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce yana da tambaya, ko ina so mahaifiyata ta ɗan fita? Mama tana jin Turanci sarai. Ta gyara zama ta rungume jakarta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce ta zauna. Na faɗa masa sunan allurar, da tsawon lokacin, da gwajin da na daina, da ƙarin da nake yi da kaina. Ban kalli inda Mama take ba, bangon nake yi wa bayani. Likitan ya rubuta, sannan ya ɗaga kwalbar tonik ɗin ya karanta jikinta. Abin da ya faɗa ya zauna mini har yau. Ya ce babban laifin na allurar da ba a sa wa ido ba ne, amma mutumin da jininsa ya yi yawa ba a ba shi maganin ƙarin jini, wa ya ba ni wannan?

Mama ta ce, "Ni ce."

Kwana uku na yi a kwance. Aka sa ni a kan maganin tsinka jini, aka ce in ajiye allurar sai yadda hali ya yi. Washegari aka kawo wata leda aka soka mini allura mai kauri a hannu, aka zuƙe jini cike da ita aka tafi da shi. Mama tana zaune tana kallon ledar tana cika, baƙi-baƙi, a hankali. Ta ce da Yaya Rifkatu, ba da ni ba, "Dubi hantata da ugu na, ga su can za a zubar."

Ni ba ta yi mini magana. Za ta gyara mini matashi, ta ɗaga ƙafar, ta bi nas da tambaya har nas ta gaji, amma in na ce "Mama" sai ta dubi taga. Da aka sallame ni ta bar mai jego ta biyo ni Wheaton da ƙaramar jakarta. Ta zubar da sauran tonik a bahaya, ta koma dafa mini gwate da tuwon acca, tana auna mini ruwan sha da gora. Kwana biyar muna haka a ɗaki ɗaya kamar baƙin juna. Na fi son ta zage ni.

A rana ta shida da la'asar tana yanka alayyafo, ba ta ɗago ba ta ce, "Mura. A watan Yuni."

Sai ta ɗago ta dube ni.

"Kin ɗauka ni jaka ce? Tun a filin jirgi na san akwai abin da kike sha. Na yi shiru ne ina jira ki faɗa mini da bakinki. Abin da ban sani ba shi ne yana ƙara jini, a zamaninmu ba a koya mana wannan ba. Ke kin sani. Kina kallona ina matse ganye, ina kiranki kowace safiya, kina buɗe baki kina sha." Ta ajiye wuƙar. "Da kin mutu, wa ya kashe ki? In koma Jos in ce da wa me?"

Na ce tsoro nake ji kada ta yafe ni.

"Sai kika zaɓi in binne ki, ya fi miki sauƙi."

Na yi kuka, ita ma ta yi, sannan ta ce in tashi in ɗan taka, likita ya ce kada in yi ta zama.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Rashin allurar ya sa na zama mafaɗaci, ina kwana da fargabar al'ada za ta dawo. Takardar kuɗin asibiti ta iso, na buɗe na mayar na rufe, da inshorar ma abin ya fi ƙarfin magana. Likitata ta farko ta wanke ni tas, kuma ta fi ni gaskiya. Ta ce gwajin jini yanzu duk mako ne, kuma wurin da inshorata ta yarda da shi, sai ku canka. Mama ta sa gyale ta ce mu je.

Anti Saratu ta rungume Mama, suka yi gaisuwar shekara ashirin, sannan ta karɓi takardata ta karanta, ta ɗaure mini hannu. Ta buɗe wata durowa ta ciro hulata.

"Ishaya ko? Ga hularka, tun bara take jiranka. Na gan ka ranar da ka ruga."

Na ce na ji tsoro ne kada zancen ya kai coci.

"In kai shi coci a kore ni daga aiki, a ƙwace mini lasisi? Wa zai biya wa 'ya'yana makaranta, kai? Abin da na gani a ɗakin nan ko mijina ba ya ji. Miƙo hannun, ka cika shirme."

Wannan matar ce na guje wa har na kusa rasa raina. Ko minti uku ba ta yi ba ta gama.

To ga abin da nake so a ɗauka. In kana wannan allurar, je ka a ɗebi jininka, ko da matar fastonku ce ke riƙe da sirinjin. Kada ka zarce layin da aka nuna maka, gemu ba ya jin sauri. In an kawo maka maganin ƙarin jini daga gida, kada kunya ta sa ka sha. Ina gode wa Yaya Rifkatu da ta bar jariri ta yi ta jigila da ni, da dattijon likitan nan, da Anti Saratu. Masu layin awa huɗu kuma Allah ya shirye su.

Bayan wata biyu jinin ya daidaita, likita ta ce zan iya komawa kan allurar, rabin abin da nake yi a da. Mama ta roƙe ni in bar ta haka nan tunda Allah ya tsamo ni. Na ce mata ba zan iya ba, kafin allurar nan rayuwa kawai nake yi don kada a ce na mutu. Ta yi azumin kwana uku a kaina, ba ta ɓoye mini ba.

Ana gobe za ta koma Jos, da safe, na zauna a bakin gado da sirinji. Na bar ƙofar a buɗe da gangan, na gaji da ɓoyo. Wata biyu ke nan ban yi ba. Sai ga ta a bakin ƙofa tana kallo.

"Haka kike yi shekara biyu? Ko wurin ba ki goge ba. Kawo nan."

Ta wanke hannu, ta sa tabarau, ta ɗaga sirinjin a hasken taga. Ta ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa iska ta fita, ta tambaye ni layin da likita ta ce, ta tura har ya tsaya daidai a kansa.

"Ban ce na yarda ba, Auta. Ina nan ina addu'ata. Amma ba za a yi shi a karkace ina tsaye ba."

Ban ma ji shigar allurar ba. Ta danna auduga a wurin, ta jefa sirinjin a robarsa. Sannan ta miƙo hannu wajen fuskata. Kwana uku ban yi aski ba, jikina ya so ya kauce kamar yadda ya saba, na daure na tsaya. Ta tallabi haɓata da tafin hannunta, gemun yana sukarta, ba ta janye ba. Ta ja fatar idona ƙasa da babban yatsa, ta duba na dama, ta duba na hagu, ta daɗe tana dubawa.

"Jinin ya yi daidai," in ji ta. "Tashi ki ci abinci."